Sharhi: Cin Ranin Ɗalibai A Ƙasashen Waje Da Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A 'yan shekarun nan, duk lokacin da manyan makarantu suka doshi dogon hutu, akan ga tallace-tallace suna yawo a wayoyin matasa ta WhatsApp da Facebook, ana kiran ɗalibai su yi rajistar aikin wata uku ko huɗu a Ingila, Jamus, Amurka ko ƙasashen Larabawa. Wani tallan tsinkar 'ya'yan itatuwa yake alkawartawa, wani aikin otal, wani kuma aikin masana'anta, kowanne da adadin albashinsa a dala ko fam.

Wannan batu ya shafi yankinmu kai tsaye, domin kuwa a Aliero ne jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi take, wadda aka kafa a 2006 kuma ake kiranta yanzu da sunan Abdullahi Fodiyo, ga kuma kwalejin koyon aikin kiwon lafiya a Jega. Da yawa daga cikin ɗaliban waɗannan makarantu 'ya'yan manoma ne daga Sabiyal, Kimba, Mungadi, Andarai da sauran garuruwanmu. Idan aka ce yaro ya kawo kuɗin biza, buhunan albasa ne ko san noma za su tafi kasuwa, wani lokacin ma har gonar gado. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin yadda al'amarin yake, don kada a yi kitso da ƙwarƙwata.

Cin rani ba baƙon abu ba ne

Kamar yadda aka sani, fita neman na kai bayan an kawar da amfanin gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Gwandu da ta Sakkwato baki ɗaya. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja sun yi fataucin goro, iyayenmu kuma sun yi aikin gonakin koko a ƙasar Yarabawa da Kumasi, wasu sun yi haƙar kuza a Jos. Yawan masu fita ya kai har a ranin 1952 zuwa 1953 aka gudanar da ƙidayar 'yan cin rani a kan hanyoyin lardin Sakkwato, wadda wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya yi nazari a kanta. Har yau ɗin nan masu ɗori na Aliero suna zaga garuruwan ƙasar nan da maƙwabta da sana'arsu, kuma ana girmama su.

To amma cin ranin da muka gada yana da ƙa'idojinsa. Ana fita ne bayan kaka, a dawo kafin ruwan shuka. Ana tafiya cikin ayari, tare da wanda ya san hanya, a sauka a zango wurin maigidan da aka sani, wanda idan wani abu ya faru shi zai aiko gida. Kuɗin mota kawai mutum yake nema, ba ya sayar da gona don ya tafi. Duk da haka ma an sha wuya a wasu lokuta. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar ƙasar, mutanenmu da dama suka dawo hannu rabbana, suka bar dukiyar da suka shekara da shekaru suna tarawa. Darasin shi ne, zama a ƙasar wani ba tare da takarda ba zama ne na aro.

Abin da ke tura ɗalibai

Babu shakka tsadar rayuwa ce kan gaba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na wannan shekarar, kuɗin mota da na abinci da na haya suka yi tashin gwauron zabo. Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ɗalibin da ya ji an ce ana biyan dala goma ko fiye a awa ɗaya, sai ya buga lissafi ya ga aikin yini guda ya fi mafi ƙarancin albashin wata na ma'aikaci, wanda gwamnatin tarayya ta mayar naira 70,000 a 2024, jihar Kebbi kuma ta amince da naira 75,000. Wannan lissafi gaskiya ne a kan takarda, sai dai ba a sanya kuɗin tafiya da na masauki da na abinci da haraji a cikinsa ba, kuma a can ma da dala ake biyan su.

Hanyoyin da doka ta amince da su

Haƙiƙa akwai shirye-shirye na gaskiya a wasu ƙasashe, kuma sanin sharuɗɗansu shi ne makami na farko na gane ɗan damfara.

A Amurka akwai shirin aikin hutu na ɗalibai a ƙarƙashin bizar J-1. Sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance cikakken ɗalibi a jami'a ko wata babbar makaranta, ya kammala aƙalla zangon karatu ɗaya, ya iya Turanci, kuma aikin ba ya wuce wata huɗu a cikin lokacin dogon hutun makarantarsa. Dole ne wata ƙungiya da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta amince da ita ta ɗauki nauyinsa, ta ba shi takardar da ake kira DS-2019, sannan ya je ofishin jakadanci a yi masa tambayoyi ido da ido. Sai dai ga 'yan Nijeriya ƙofar ta ƙuntata ƙwarai. A watan Yuli na 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan ƙasar nan ta wata uku kuma ta shiga sau ɗaya. A watan Disamba na 2025 kuma ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta dakatar wa bizar ziyara da ta karatu da ta musayar ɗalibai, wato har da J-1, daga 1 ga Janairu 2026. Don haka duk wanda ya zo da tallan aikin hutu a Amurka, a fara duba shafin ofishin jakadancin Amurka kafin a saurare shi.

A Birtaniya akwai bizar ma'aikatan gona na wucin gadi, wadda aka fara gwajinta a 2019 da mutum 2,500. A 2025 an ware gurabe 43,000 don aikin lambu da 2,000 don aikin kaji. Mai aikin lambu ba ya wuce wata shida, aikin kaji kuma daga farkon Oktoba ne zuwa ƙarshen Disamba. Wannan shiri ba na ɗalibai ba ne kaɗai, kuma wasu 'yan tsirarun kamfanoni masu lasisi ne kawai ke da ikon ɗaukar ma'aikata a cikinsa. A 'yan shekarun nan yawancin waɗanda suke ɗauka daga ƙasashen tsakiyar Asiya ne, irin su Kirgistan, Tajikistan, Uzbekistan da Kazakistan. Abu mafi muhimmanci, dokar Birtaniya ta haramta karɓar kuɗi a hannun ma'aikaci don a samo masa aiki. Wanda duk ya ce a biya shi kuɗin gurbi ya riga ya nuna ko shi wane ne.

A Jamus kuwa, ana ba ɗaliban jami'o'in ƙasashen waje damar aikin hutu na kwana 90 a cikin wata goma sha biyu, amma sai da amincewar hukumar samar da aikin yi ta tarayyar ƙasar, kuma sai ɗalibi ya kawo shaidar makarantarsa da ke nuna ranar fara hutu da ranar komawa. Bayan wannan sai ya nemi biza kamar kowane ɗan Nijeriya.

Lissafin kuɗi da na lokaci

Bari mu ɗauki misalin Amurka a lokacin da ƙofar take buɗe. Kuɗin neman biza dala 185 ne tun daga 2023, ga dala 35 na rajistar ɗalibi, jimla dala 220. Idan aka lissafa a kan naira 1,500, kuɗin ya kama naira 330,000. Fasfo mai shafi 32 kuma ya koma naira 100,000 daga 1 ga Satumba 2025. Ke nan naira 430,000, kusan albashin wata shida na ƙaramin ma'aikacin jiha, alhali ba a yi maganar tikitin jirgi ba, ba a yi ta kuɗin ƙungiyar da ke ɗaukar nauyi ba, ba a yi ta zirga-zirga zuwa Abuja ko Legas ba. Idan kuma aka hana biza, ba a mayar da ko kwabo. Bizar gona ta Birtaniya fam 319 ce a 2025, wato sama da naira 600,000 a canjin wancan lokaci.

Sai batun lokaci, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. Abin da kafofin watsa labarai ke fassarawa da bazara a ƙasashen Turawa, daga Yuni ne zuwa Satumba, wato tsakiyar daminarmu. Lokacin ne ake noman fari da maimai, lokacin da kowane magidanci ke buƙatar hannun 'ya'yansa a gonar gero da dawa da shinkafa. Saurayin da ya tafi a wannan lokaci sai an ɗauki 'yan ƙodago sun maye gurbinsa. Bugu da ƙari, kalandar jami'o'in ƙasar nan ba ta cika dacewa da ta Turai ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ɗauki wata tara, na 2022 kuma wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, abin da ya sa makarantu da dama suka riƙa gajarta hutu don cike giɓi. Ɗalibin kimiyya da fasaha kuma yana da horon sanin makamar aiki na SIWES da dole ya yi kafin ya kammala. Wanda ya tafi wata huɗu a tsakiyar zangon karatu zai rasa jarrabawa, ya maimaita shekara, ko ma a sallame shi. An je neman ƙiba an samo rama ke nan.

Tarkon dillalai

Masu damfara sun san duk wannan, shi ya sa suke fakewa da sunayen shirye-shirye na gaskiya. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya isa ishara. A watan Maris na 2024 'yan sandan Indonesiya suka bayyana cewa an yaudari ɗalibai fiye da 1,000 daga jami'o'i sama da 30, aka tura su Jamus da sunan horon karatu, suka tarar aikin ƙarfi ne, ga bashin tafiya a wuyansu. A 2022 jaridun Birtaniya sun ba da labarin ma'aikatan gona daga Indonesiya da Nepal da suka biya dillalai dubban fam, aiki ya ƙare kafin su biya bashin. A watan Oktoba na 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito yadda aka riƙa jan 'yan mata masu shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, zuwa yankin Alabuga na ƙasar Rasha da alkawarin karatu da aiki, suka ƙare a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙa.

Hanyar hamada ta fi kowace muni. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A watan Nuwamba na 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya kamar awaki. Soke dokar hana safarar baƙin haure da gwamnatin Nijar ta yi a watan Nuwamba na 2023 ya sake buɗe hanyar Agadas, amma bai rage zafin hamada ba, bai kuma sauya halin masu tsare mutane a Libiya suna kiran iyaye a waya a aiko kuɗin fansa ba. Haka nan masu cewa a shiga Saudiyya da bizar umara a ɓuya a yi aiki, ya kamata a sani bizar ibada ba ta ba da izinin aiki, kuma ƙarshen abin kamu ne da tsarewa da kora.

Alamomin da ake gane mayaudari da su a bayyane suke. Yana gaggauta mutum, ya ce gurabe sun kusa ƙarewa. Yana neman a tura kuɗi cikin asusun wani mutum maimakon na kamfani. Yana ba da tabbacin biza, alhali ofishin jakadanci ne kaɗai ke da wannan iko. Yana cewa a shiga da bizar yawon buɗe ido daga baya a canza ta. Yana neman riƙe fasfo, ko ya ce a ɓoye wa iyaye da makaranta har sai an isa. Ba shi da ofishin da za a same shi, kuma ba zai iya nuna lasisin ɗaukar ma'aikata ba, wanda dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta a samu daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Alama ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a ja da baya.

Maƙwabtanmu na kusa

Ga ɗan Kebbi, ƙasar waje ba ta da nisa. Daga Kamba ana shiga Gaya ta Jamhuriyar Nijar, daga yankin Bagudo kuma ana shiga Jamhuriyar Benin, inda kasuwar Malanbil ta shahara da cinikin albasa da hatsi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba, muddin yana riƙe da sahihiyar takardar tafiya. Ɗalibin da ya bi ɗan'uwansa ɗan kasuwa zuwa Kwatano ko Kumasi a lokacin hutu, yana riƙe masa lissafi, ya fi kusa da cin ranin da muka sani, kuma kuɗin da zai kashe kaɗan ne.

Sai dai a nan ma akwai abin lura. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da zirga-zirga har zuwa wani sabon umurni. Mun kuma ga yadda aka rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilu na 2022, sannan aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda irin wannan ta rutsa da shi a ƙetare zai iya rasa zangon karatu. Ga kuma matsalar tsaro a dazuzzukan kan iyaka. Don haka a bi ta ƙofar hukuma, a riƙe takarda, a guji hanyoyin daji.

Aikin da ke ƙofar gida

Abin mamaki, yayin da 'ya'yanmu ke hangen gonakin Turai, mutane daga kudancin ƙasar nan da ƙasashen maƙwabta Aliero suke nufowa. Albasarmu ce ke cika manyan motoci zuwa Legas da Onica da ƙetare. Tun daga renon iri a ƙarshen damina, zuwa dashe, ban ruwa, cira, zaɓe, ɗurawa a buhu da lodi, aiki ne na watanni da ke buƙatar hannu da ilimi. Babbar asarar manomi tana wajen ajiya, domin albasa tana araha lokacin cira, ta yi tsada bayan damina, amma kaso mai yawa yana ruɓewa a cikin rudu kafin farashi ya tashi. Ɗalibin aikin gona ko injiniya da ya mayar da hankali kan inganta rudu ta yadda iska za ta riƙa ratsawa, ko gyaran injin ban ruwa, ko haɗa famfo mai aiki da hasken rana, ba zai rasa masu nemansa ba a fadamun Jega da Maiyama.

Har ila yau, tun bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman shinkafa na rani ya faɗaɗa a jihar nan, ga kuma manyan masana'antun sarrafa ta a Argungu da Birnin Kebbi. Kasuwar Jega kuma tana buƙatar matasan da suka iya lissafi da kwamfuta. Ga wanda kuɗin makaranta ne ya dame shi, akwai asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da aka kafa da dokar 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma fara da ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, ba tare da kuɗin ruwa ba. Ba mu ce waɗannan za su mayar da kowa attajiri ba, amma ba sa cin gonar gado, kuma ba sa raba ɗalibi da ajinsa.

Kira ga jama'a da shugabanni

Muna kira ga iyaye da kada su sayar da kadara ko su ci bashi saboda takardar da aka turo ta waya. A kai ta ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantar yaro a tantance, a kuma nemi shawarar wanda ya san aikin gwamnati a gari. Idan tafiyar ta gaskiya ce, jinkirin mako guda ba zai ɓata ta ba.

Ga iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni, su ne suka fi kowa sanin baƙon da ya shigo gari yana tara sunayen matasa. Ya kamata su tambaye shi lasisinsa, idan ya kasa nunawa su sanar da 'yan sanda ko jami'an shige da fice ko hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Limamai kuma su taimaka da faɗakarwa a huɗubar Juma'a, musamman gab da lokacin hutu.

Ga jami'an ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama, takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma tana cikin abubuwan da mai neman fasfo ke buƙata. Wannan dama ce ta tambayar matashi inda za shi da wanda zai kai shi, a kuma ba shi shawara. Kada a sanya hannu a takardar wanda ba a sani ba, kada kuma a yarda a sauya wa yaro shekarun haihuwa. Ya dace kuma sassan aikin gona su haɗa kai da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar albasa wajen tsara guraben aikin hutu ga ɗaliban yankin.

Ga ɗalibai kuwa, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma babu mai hana ku ganin duniya. Amma wanda ya fita da digirinsa a hannu, ta hanyar gurbin karatu ko aikin da aka tantance, shi ne ake karɓa da mutunci. A kammala karatu tukuna, a riƙe fasfo a hannu, a bar kwafin kowace takarda a gida tare da sunan wurin aiki da lambar wanda za a tuntuɓa, kuma a san inda ofishin jakadancin Nijeriya yake a ƙasar da za a.

Allah Ya tsare mana zuri'armu, Ya sanya albarka a karatunsu da neman halalinsu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a jihar Kebbi da Nijeriya baki ɗaya, amin.